Mai Safa da Ɗakin Sanyin Yayarsa

Duk ofishin da ya taɓa kiran Mai Safa gyaran kwamfuta ya san yadda yake shigowa. Zai tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar ɗakin tukuna, ya yamutsa fuska, sannan ya ajiye jaka ya zaro safar hannu ta roba ya zura, yatsa bayan yatsa, kamar likitan da zai shiga tiyata. Sai ya gama wannan bidirin zai gaisa da mutane da kyau, ya tambayi abin da ya lalace. Daga safar nan sunan ya samo asali, kuma ya bi shi har gida, don ko surukarsa da shi take kiransa idan ba ya kusa.

A yi masa adalci, ba a banza yake yi ba. Wanda bai taɓa kifa kibod ɗin ofis ya bubbuga shi a kan tebur ba, bai san abin da mutane ke aikatawa da hannuwansu ba. Gutsuren burodi, gashi, yankakken farce, busasshiyar majina, duk sai su zubo su yi tsibi. Manaja ne fes da shi, yana tashin ƙamshin turare, amma zai sakace haƙori da yatsa ya mayar da yatsan kan maɓalli, ya miƙo maka kuma ku gaisa. Cikin akwatin kwamfutar kuwa ba a magana. Mai Safa ya sha buɗewa ya tarar da kyankyasai sun yi gari, da kashin ɓera birjik a kan wayoyi, wata rana ma ƙadangare ya samu ya bushe a jikin fanka, ga masu ofishin suna ta ƙorafin wai na'urar tana ƙara. Idan ya dawo gida bayan irin wannan aikin ba ya iya cin abinci sai ya yi wanka, wani lokaci ko ya yi wankan ma abincin ba ya shiga.

Sai dai ƙyanƙyamin nasa ya girmi sana'ar nesa ba kusa ba. Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, mahaifinsu direban babbar mota ne da ba ya zama, shi ma bai jima ba ya bi ta. Rainonsa ya faɗo kan yayarsa, lokacin tana budurwa, ba ta da komai sai wani baho da ƙarfin hali. Kifi ta fara sarowa tana zama da shi a bakin titi. Da hannun da take fasa cikin kifi, da shi take yi masa wanka, da shi take ɓalle masa maɓallin rigar makaranta, da shi take ba shi abinci a baki. Ƙarnin ya kama rigar, ya kama jakar, har littattafai bai bari ba. A aji yara sukan matsa su bar masa benci shi kaɗai suna toshe hanci suna dariya, shi kuma bai taɓa gaya mata ba, bai kuma taɓa mantawa ba. Tun daga lokacin idan ta dafa kansa sai tsigar jikinsa ta tashi, ya ɗauke numfashi, ya yi mata murmushi baki a rufe. Ya ƙware a wannan har ya sakankance cewa ba ta taɓa lura ba.

Ita dai ta ci gaba da abinta. Baho ya zama tebur, tebur ya zama shago, shago ya zama ɗakunan sanyi biyu a bayan kasuwa, ɗaya na daskararren kifi ɗaya na ɗanye, da ma'aikata da masu dako. Shi kuma ya karanci kwamfuta, saboda a ganinsa ita ce sana'ar da ba ta da wari. Ya san karatunsa kaf daga cikin bahon nan ya fito, bai taɓa musu ba, kuma yana son yayarsa, wannan ba ƙarya ba ne. Kullum sai ya kira ta ya ji yadda ta tashi, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, su yi hira su yi dariya. Abin da ya sa ya fi son hirar waya, shi ya bar wa cikinsa.

Sau ɗaya tak ya taɓa shiga shagon, shekaru da yawa da suka wuce, ranar da ya kafa mata kwamfutar da ke kula da injinan sanyi. Ya zo da safa da takunkumi, ya ce mura yake yi. Aikin kwamfutar ba shi da yawa: jim kaɗan jim kaɗan takan kira wata ƙaramar manhaja ta karanta ma'aunin sanyi, ta gaya wa injinan su ci gaba ko su huta. Idan injinan suka daina jin kira, sai su tsaya da kansu, don kada su yi ta gudu har su ƙone. Da akwai makunnin hannu a bango, amma ma'aikata sun sha kashe shi su manta, saboda haka Mai Safa ya sa mai gyaran sanyi ya cire shi, ya bi da komai ta cikin kwamfutar. Daga ranar bai sake taka wurin ba. Daga ɗakinsa yake shiga na'urar ta intanet, a kan kibod ɗinsa da ba wanda ke taɓawa, ya share wannan ya gyara wancan. Har alfahari yake yi cewa a duk kwamfutocin da yake kula da su babu mai tsabtar ta Yaya. Cikinta yake nufi, don wajenta rabon da ya gan shi har ya manta kalarta.

Ana nan sai tsofaffin ma'aunan sanyin suka fara ƙarya, Yaya ta sayo sababbi, mai gyaran sanyi ya ɗaura su kusa da tsofaffin. Sababbin sun zo da manhajarsu, kuma a nan gizo ya fara saƙa. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta da yaren injin kansa, da an kira ta sai ta tashi ta kama aiki. Akwai kuma wadda aka bari a wani yare na tsaka-tsaki don ta yi aiki a kowace irin na'ura, ita wannan ba ta tashi da kanta, sai an haɗa ta da wata manhajar da ke mata tafinta. Ta sababbin ma'aunan irin ta biyun ce. Shi kuwa tsohon tsarin da ke kira jim kaɗan jim kaɗan bai san wani tafinta ba, sunan manhaja kawai yake ambata ya jira ta tashi.

Hanya mai sauƙi tana nan, kowane mai gyara ya san ta. Sai a rubuta ɗan guntun umarni a tsakani, a kira shi, shi kuma ya kira tafinta, tafinta ya ɗauko manhajar. Aiki zai yi, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Amma Mai Safa ko tunanin wannan tayar masa da zuciya yake yi. Faci yake kiransa, ya ce irin aikin masu ɗaure fasasshen bututu da leda ne, yau ka liƙa ɗaya, gobe wani ya liƙa a kan naka, kafin a ankara cikin na'ura ya zama juji. Ya ga irin wannan a ofisoshi har ya gaji, kuma yana jin ƙyamarsa daidai da yadda yake jin ta kashin ɓera.

Hanyar da ya zaɓa ta fi kyau, wannan kam gaskiya ne. A can ƙasan kowace kwamfuta akwai wani babba da ba a gani, masu sana'ar suna ce masa kanel. Duk manhajar da za ta tashi sai ta bi ta hannunsa, ya leƙa farkon fayil ɗinta ya ga alamomin da ke wurin, ya san ko ta gida ce. Ana iya koya masa sabuwar doka da layi ɗaya: idan ka ga fayil ya fara da alamomi kaza, kada ka kore shi, ka miƙa shi ga tafinta kaza. Da an yi haka, baƙuwar manhaja sai ta riƙa tashi kamar 'yar gida, ba faci ba ɗauri.

Ranar hutu ya zaɓa, da safe, shagon yana kulle. Ana jibi kasuwa za ta cika, kuma jiya-jiyan nan babbar mota ta sauke wa Yaya kaya, ɗakunan biyu maƙil har bakin ƙofa. Ita da kanta ta gaya masa a waya cewa duk abin da take da shi ta zuba a wannan lodin, ko na cefane ba ta rage ba. Ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya goge teburinsa, ya zauna.

Layin yana cikin takardar da ta zo da ma'aunan, sai dai wutsiyarsa ba ta yi masa ba. Bayan alamomin da za a nema akwai wani jerin haruffa masu maimaita kansu, jagwalgwale, ba kyan gani. Wannan jerin shi ne ke gaya wa kanel waɗanne alamomi ne dole su dace. Mai Safa ya dube shi ya ja tsaki, ya ce masu rubuta takardun nan ba su san tsari ba, ya goge ya jera sifiri reras a wurin. A ƙwaƙwalwarsa sifiri na nufin kada a ɗaga wa kowace alama ƙafa. Ashe a wurin kanel akasin haka ne, sifiri na nufin kada ma a duba. Dokar da ya rubuta da hannunsa mai tsabta sai ta koma cewa duk fayil ɗin da ya zo, na gida da baƙo, a miƙa shi ga tafinta. Shi kansa tafintan manhaja ne, idan ya zo tashi sai a miƙa shi ga kansa, a yi ta zagaye har a gaji a ce ba zai yiwu ba.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta layin a fayil ɗin da na'urar ke karantawa duk lokacin da aka kunna ta, don kada ɗaukewar wuta ta goge aikin, sannan ya ɗora dokar nan take. Na'ura ba ta yi ƙorafi ba. Sai ya yi abin da ya saba yi tun yana ɗalibi, ya rufe tagar allon da yake rubuta umarni a ciki, don ba ya gwada aiki ta tsohuwar taga, sai ya fita ya sake shigowa fes kamar baƙo. Ya nemi shiga, ƙofa ta buɗe ta rufe a fuskarsa. Ya sake, haka. Shiga ma manhaja take buƙata, kuma yanzu babu manhajar da za ta iya tashi a kwamfutar nan, har da 'yar ƙaramar da ke gaya wa injinan sanyi su ci gaba.

Nan take ya gane abin da ya yi. Kuma ya san maganin, a nan ne abin haushin yake. Duk abin da ya riga ya tashi kafin dokar yana nan da ransa, saboda haka idan akwai taga a buɗe a kan kwamfutar can shago, ana iya soke dokar daga nan da layi ɗaya. Tsakanin gidansa da bayan kasuwa ba wata tafiya ba ce, ko shayi aka zuba maka kafin ya huce ka isa. Matarsa ta leƙo ta gan shi ya dafe kai, ya yi mata bayani sama-sama, ta ce to ya tashi ya tafi mana. Ya ce shagon a kulle yake. Ta ce makulli yana hannun Yaya, gidanta kuma a kan hanya yake. Ya ce ba zai tayar wa baiwar Allah hankali ranar hutunta ba, bangon ɗakunan yana da kauri, sanyi zai riƙe, kuma dole akwai wata hanyar shiga daga nan.

Babu wata hanya, kuma ya san babu. Amma ya wuni yana ƙwanƙwasa ƙofofin da shi da kansa ya toshe shekarun baya, yana karance-karance, yana tashi yana wanke hannu yana dawowa. Duk lokacin da ya yi niyyar ɗaukar makullin mota sai lungun da shagon yake ya faɗo masa a rai, da kwatarsa da ƙudajensa, ya koma ya zauna. Mutum ne mai hankali, mai ilimi, uban 'ya'ya, ya zauna a ɗaki mai ƙamshi yana sane da cewa dukiyar yayarsa tana ɗumama, saboda hancinsa. Da yamma ya kira ta kamar kullum, ya tambayi ƙafarta, bai gaya mata abin da ya faru ba.

Washegari da sassafe ita ta kira shi.

"Auta, injinan nan sun yi shiru. Ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa."

Abin da ya fara ce mata shi ne kada kowa ya kashe kwamfutar, ko da wasa, don idan aka kashe aka kunna, dokar za ta hau tun kafin a samu tagar shiga, shi ke nan an rufe ƙofa da makulli a ciki. Sannan ya tambaye ta me take gani a fuskar na'urar. Ta ce baƙin allo ne da 'yan rubuce-rubuce, da wani ɗan abu yana ƙyaftawa. Tagar da ya bari ce tun ranar da ya kafa na'urar, batirin ajiya bai taɓa bari na'urar ta mutu ba. Ya sha gaya musu su rufe ta, ya ce barin taga a buɗe ƙazanta ce, Yaya kuwa ba ta taɓa abin da ba ta sani ba, ta kuma hana kowa taɓawa. Ya ji wani sanyi a ransa, ba don kifin kaɗai ba, har da cewa watakila a gama ba tare da ya je ba. Ya ce ta matso kusa da kibod, zai faɗa mata abin da za ta danna.

Wani dattijo mai dako da ya daɗe yana mata aiki ya riƙe mata wayar a kunne, ita kuma ta sunkuya. Ta ce ai babu haruffa a kan maɓallan, ruwan kifi da yatsun ma'aikata sun cinye wasu, dauɗa ta binne sauran. Ya shiga kwatance, layi na sama, daga hagu, a'a ba wannan ba, na kusa da shi. Ta danna, wani harafi dabam ya fito, ya ce ta goge, ta ce da wanne ake gogewa. Yana ta jan kunnenta kada ta danna abin da zai rufe tagar. Da ƙyar suka haɗa kalma ɗaya, sai aka zo kan wata alama mai kama da bakin tsuntsu, wadda ba ta fitowa sai an danne wani dogon maɓalli a gefe, shi kuma dogon maɓallin ya ƙame, ko motsi ba ya yi. An nemi mai gyaran sanyi, aka ce ya yi tafiya. Wani mai gyaran wuta da aka kira ya buɗe akwatin bango ya ga yadda wayoyi suka bi, ya ce shi ba zai sa hannu a abin da bai san inda ya dosa ba. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko, Mai Safa yana nan a kujerarsa yana cewa a ɗan ƙara gwadawa.

Matarsa ce ta gaji. Ta zo ta zare wayar daga hannunsa, ta gaishe da Yaya ta ce mata yana nan tafe, ta kashe, ta ajiye masa makullin mota a kan kibod ɗin da ba a taɓawa.

"Baban yara, ka ji kunya. Wallahi ni na ji maka."

Ko a hakan sai da ya tsaya neman takunkumi, da sabuwar safa, da ledojin da zai ɗaura a takalmi.

Tun daga bakin lungun warin ya tare shi. Ba ƙarnin da ya sani yana yaro ba ne, wannan ya wuce nan, wani ɗoyi ne mai nauyi da ke ratsa takunkumi ya zauna a harshe. Ruwa ja-ja mai yauƙi yana gangarowa daga ƙofar shagon zuwa kwata, ƙudaje sun yi baƙi a kansa, manya-manya masu koren baya. Ledojin ƙafarsa suna santsi, yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ƙaya, masu shagunan kusa suna kallonsa. Dattijo mai dako ya ce sannu da zuwa Injiniya, da wata irin murya da ba ta gaisuwa ba ce. Yaya tana tsaye a ƙofa, zaninta ya jiƙe har gwiwa, ta nuna masa lungun da kwamfutar take.

Ga na'urar da ya fi alfahari da ita. Akwatin ya yi tsatsa daga ƙasa, ɓawon kifi ya manne a jikinsa ya bushe, an ɗora kofin shayi da tsumma a kai. Kibod ɗin kuwa ya yi wani baƙin maiƙo mai sheƙi, tsakanin maɓallan a cike da abin da ba shi da suna. Ya ɗora yatsunsa cikin safa, suka zame. Shi ba ya buƙatar ganin haruffa, da ka yake bugawa, amma sai ya lalubo wasu 'yan ƙuraje biyu da ake yi a kan maɓallan tsakiya don yatsa ya san mazauninsa, kuma ta cikin roba da maiƙo ba ya jin komai. Dogon maɓallin ma ba zai ɗagu ba sai da farce. Ya tsaya yana kallon hannuwansa, ɗan abin nan yana ta ƙyaftawa a baƙin allo.

Ya tuɓe safar. Ya sa farcensa ƙarƙashin maɓallin ya ɓanɓaro shi, ya shiga ƙwaƙulo abin da ke ciki, wani baƙin ƙulli mai danƙo haɗe da ɓawo da ƙaya, da wasu fararen tsutsotsi ƙanana da suka fito suna motsi a kan yatsansa. Ya mayar da maɓallin ya danna, ya ji ya sauka ya dawo. Ya kankare maɓallan tsakiya da farce har ya ji ƙurajen. Sannan ya buga layin da ke soke dokar, umarnin da tagar ke iya zartarwa da kanta ba sai ta kira kowa ba, ya danna.

Can sai injin farko ya yi tari ya kama, na biyu ya bi shi, bango ya ɗauki rawa. Ya buɗe fayil ɗin da ya ɓata, ya goge sifirinsa masu kyan gani ya mayar da jagwalgwalon haruffan nan yadda suke a takarda, ya sake ɗora dokar, kuma wannan karon a tagar ya gwada ba tare da ya rufe ta ba. Sabuwar manhajar ta tashi sumul kamar a nan aka haife ta, ta karanto sanyin ɗakunan biyu. Aikin gaba ɗaya, har da ƙwaƙular tsutsa, bai kai tsawon gaisuwarsu ta waya ba.

Aka buɗe ɗakin daskararre, kwalayen sama sun saki amma na ciki suna nan da ƙarfinsu, wannan ya tsira. Aka buɗe na ɗanye, sai da ma'aikatan da suka saba da wari suka ja da baya. Kifin ya kumbura, ido ya yi fari ya lotsa, ciki ya fashe, ruwansa ya cika ƙasa. Babu na zaɓe a ciki, ko kyauta ba mai karɓa. Yaya ta shiga ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye, ta fito tana goge hannu a zani. Wadda ta yi shekaru tana sana'ar ba sai an gaya mata cewa wannan ɓarnar ba ta safiya ɗaya ba ce.

"Tun yaushe suka tsaya?"

"Tun jiya da safe, Yaya."

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Dattijo mai dako ya tofar da yawu gefe, ya je ya jawo baro. Ita ba ta yi faɗa ba, ba ta tambayi dalili ba, kuma rashin tambayar ya fi masa ciwo, don ya shirya bayanin sifiri da tafinta tun a mota. Ta juya ta ce wa ma'aikata a fara kwasa kafin jami'an tsabta su ji wari su zo.

Aka shiga jidar kaya, baro yana fita baro yana shiga. Mai Safa yana tsaye a tsakiya, ya ware yatsunsa nesa da rigarsa bai ma san ya yi ba. Kunya ta ishe shi, ya ji ya tsani kansa fiye da duk wata ƙazanta da ya taɓa gani, ya sunkuya zai kama wani kwando. Yaya ta ce ya bari, ba aikinsa ba ne. Ta fita tana ɗingisa ƙafar nan mai ciwo, ta tsallaka kwata ta shiga kantin da ke kallonsu. Da ta dawo tana riƙe da hannun wata leda da yatsu biyu, a ciki akwai sabon sabulu a takardarsa da gorar ruwa da ba a buɗe ba. Ba ta miƙa masa ba, kujera ta jawo da ƙafa ta ajiye a kai.

"Wanke hannunka ka tafi gida, Auta. Mai kantin ne ya sa a ledar da kansa, ni ban taɓa ba."

Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma da gatse ba, ta faɗe shi ne kamar abin da aka daɗe ana yi. Ya tsaya yana kallon sabulun. Ita kuwa ta riga ta ɗaure zaninta, ta kama baro ta koma cikin ɗakin.